Las Vegas: Birnin Da Aka Gina Da Kuɗin Waɗanda Aka Cinye

Yau za mu bar gida mu yi doguwar tafiya har yammacin ƙasar Amurka, zuwa wani birni da ke tsakiyar hamada, wanda ake kira Las Vegas. Dalilinmu kuwa shi ne, sunan wannan birni ya fara shigowa cikin hirarmu. 'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Amurka sukan aiko da hotuna suna tsaye gaban gine-gine masu walƙiya. Matasanmu suna ganinsa a fim da cikin wayoyinsu, har wasu na cewa in Allah ya hore musu, can za su fara zuwa hutu. Wasu iyaye kuma da sun ji sunan sai su ce, "Ai wannan Saduma ce," su rufe zancen. Mu dai muna ganin ya fi kyau mu san wurin tukuna kafin mu yabe shi ko mu kushe shi. Wa ya gina shi? Me baƙo yake gani in ya je? Daga aljihun wa kuɗin wutar nan yake fitowa?

Daga zangon jirgin ƙasa zuwa birnin caca

Las Vegas tana cikin Jihar Nevada, a hamadar Mojave, wajen kilomita 430 daga Los Angeles. Ma'anar sunan da Sifaniyanci ita ce "fadamu", domin a dā akwai idanun ruwa da ciyawa a wurin, inda mutanen Paiute suke zaune, inda kuma fatake suke yada zango. Ruwan saman da take samu a shekara wajen milimita 100 ne kawai, watau Jos tana samun fiye da ninki goma na haka. Zafi kuwa ba a magana, gama a watan Yuli na 2024 ya kai digiri 49.

A 1855 masu wa'azin ɗarikar Mormon wajen 30 suka gina ɗan sansani a wurin, amma cikin shekara biyu suka watse. Garin ya kafu ne a ranar 15 ga Mayu, 1905, sa'ad da kamfanin jirgin ƙasa ya yi gwanjon filaye kusa da tasharsa. Shekarar da ta sauya kome ita ce 1931. A lokacin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, sai Jihar Nevada ta halatta caca don neman kuɗin shiga, ta kuma sauƙaƙa kisan aure, har ya zama wanda ya zauna mako shida a jihar yana iya neman saki a kotu. A wannan shekara ce kuma aka fara gina madatsar ruwa ta Hoover a kan Kogin Colorado, aka kawo dubban leburori masu albashi a aljihu. Gwamnati ta zaunar da su a wani sabon gari, Boulder City, ta hana caca a cikinsa, har wa yau kuwa ba a caca a garin nan. Sai ya zama ranar biya, leburori su kama hanyar Las Vegas.

Otal na fari a kan babban titin da ake kira Strip ya buɗe a 1941. A ƙarshen 1946 aka buɗe Flamingo, wanda wani shahararren ɗan ta'adda mai suna Bugsy Siegel ya ƙarasa gininsa da kuɗin gungun miyagu. Bai ci moriyarsa ba, domin an harbe shi har lahira a watan Yuni na 1947. Irin waɗannan mutane ne suka riƙe manyan gidajen caca shekaru da dama, kafin attajiri Howard Hughes ya fara sayen otal-otal a 1967, jihar kuma ta gyara dokarta ta ba manyan kamfanoni damar shiga harkar. Yau kamfanoni ne masu hannun jari ke riƙe da wurin, gundumar da birnin yake ciki kuma tana da mutane fiye da miliyan 2.

Abin da baƙo zai gani

Tun daga filin jirgin sama baƙo zai tarar da injunan caca a jere, irin waɗanda muke kira kalo-kalo. Daga nan sai titin Strip, mai tsawon kusan kilomita 7, wanda otal-otal suka sa shi a tsakiya dama da hagu. A garin duka akwai ɗakunan baƙi wajen 150,000. A 2024 baƙi fiye da miliyan 41 suka ziyarce shi.

Kowane otal yana ƙoƙari ya zama wata ƙasa. Luxor, wanda aka buɗe a 1993, an gina shi da baƙin gilashi a kan siffar dalar Fir'aunonin Masar, hawa 30, da wata fitila a ƙoƙuwarsa mai harba haske sama. Caesars Palace, tun 1966, yana kwaikwayon tsohuwar daular Roma, da gumakan kaisarori a harabarsa. A Venetian an haƙa magudanan ruwa cikin gini, ana yawo da baƙi a kwalekwale, an kuma zana sararin sama a rufin, har mutum ya rasa ko rana ce ko dare. A Paris Las Vegas an kafa hasumiyar Eiffel mai rabin tsayin ta Faransa. A gaban Bellagio, wanda aka buɗe a 1998, akwai tafki mai bututu fiye da 1,000 da ke feso ruwa sama yana rausaya tare da kiɗa, kallonsa kuwa kyauta ne. MGM Grand ya buɗe a 1993 da ɗakuna fiye da 5,000. Sabon abin kallo shi ne Sphere, wani gini mai kamar ƙwallo, tsayinsa mita 112, wanda jikinsa duka allon hoto ne. An buɗe shi a 2023 bayan an kashe dala biliyan 2.3.

Garin ba ya jimamin tsohon gini. In otal ya daina kawo riba, sai a sa masa nakiya a rushe shi, jama'a na kallo suna tafi. Haka aka yi wa Dunes a 1993, da Sands a 1996, da Tropicana a 2024.

Wasanni da mawaƙa

Gaskiya ita ce, ba kowane baƙo ne yake zuwa don caca ba. Shekaru da yawa ke nan kuɗin da otal-otal na Strip suke samu daga caca bai kai rabin abin da suke samu duka ba. Sauran daga ɗakuna ne, da abinci, da manyan tarurrukan 'yan kasuwa, da wasanni.

A nan ne Frank Sinatra da Sammy Davis Jr. suka yi tashe. Elvis Presley ya yi wasa fiye da sau 600 a otal guda tsakanin 1969 da 1976. Saboda Celine Dion aka gina zaure mai kujeru fiye da 4,000 a Caesars Palace, ta fara waƙa a ciki a 2003. Ƙungiyar 'yan tsalle-tsalle ta Cirque du Soleil, daga Kanada, tana da wani wasa a Bellagio da ake yi cikin kududdufi mai ruwa fiye da lita miliyan 5, dandalin yana nutsewa yana tasowa, yanzu ka ga mutum yana tafiya a busasshen wuri, jim kaɗan ka ga wani ya faɗo daga sama ya nitse a daidai wurin. Akwai masu rufa-ido, akwai 'yan barkwanci. Akwai kuma wasannin tsiraici waɗanda ba na iyali ba ne ko kusa, tallarsu kuwa tana bin mutum har bakin titi.

Masu sha'awar dambe sun san sunan garin. A nan Larry Holmes ya doke Muhammad Ali a 1980, a nan kuma Mike Tyson ya ciji kunnen Evander Holyfield a 1997. Mu ma muna da namu a tarihin wurin. A watan Fabrairu na 1963 ɗan Nijeriya Dick Tiger ya kare kambinsa na duniya a Las Vegas, suka yi kunnen doki da Gene Fullmer, kafin ya doke shi a Ibadan a watan Agusta. A watan Maris na 2019 Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya ci kambin duniya na UFC a can.

Amma mu lura da abu guda. A yawancin waɗannan otal-otal, ko ɗakinka za ka, ko wurin cin abinci, ko zauren wasa, sai hanya ta bi da kai ta tsakiyar filin caca. Ba kuskuren magini ba ne.

Lissafin mai gida

Bari mu zauna mu yi lissafi, gama a nan ne zancen yake. Akwai wata caca da ake kira rulet. Faifai ne mai juyawa, yana da ramuka 38: lamba 1 zuwa 36, da sifiri guda, da tagwayen sifiri. Ana jefa ɗan ƙwallo, inda ya tsaya nan ne ya ci. Wanda ya sa dala 1 a kan lamba, lambar kuwa ta fito, za a ba shi dala 35 tare da dalarsa. To, a ce mu 38 ne, kowa ya sa dala 1 a kan lamba dabam. Mai gida ya tara dala 38. Dole ɗayanmu ya ci, a miƙa masa dala 36. Ina sauran dala 2? Suna aljihun mai gida. Haka yake a kowane zagaye, dare da rana, watau kashi 5.26 cikin ɗari. Ba ya bukatar yin maguɗi, domin ribarsa tana cikin ƙa'idar wasan. Wasu gidajen ma sun ƙara rami na 39, rabonsu ya haura kashi 7.

Injin kalo-kalo ma haka ne. Dokar Nevada ta ce kada injin ya mayar wa 'yan wasa ƙasa da kashi 75 cikin ɗari na abin da aka zuba masa, a aikace kuwa sukan mayar da kashi 90 da 'yan kai. Mai karatu zai ce, ai da sauƙi. Amma mu ɗauka injin yana mayar da kashi 92. Ka zuba dala 100, a bisa lissafi 92 za su dawo. Ka mayar da su, 85 su dawo. Ka sake, 78. Kafin ka juya kuɗin sau 10, saura 43. Kwamfutar da ke cikin injin kuma ba ta tuna abin da ya wuce. Wanda ke cewa, "Na daɗe ina zubawa, yanzu lokacina ya yi," kansa yake ruɗi.

Sauran dabarun duk don a tsawaita zaman mutum ne. Da wuya ka ga agogo ko taga a filin caca. A tebur ba a wasa da takardar kuɗi, sai an canza maka ita da wasu 'yan faya-fayai masu launi, domin jefa ɗan faifai ya fi sauƙi a zuciya bisa ga jefa albashin wata. Muddin kana wasa za a riƙa kawo maka abin sha, har da barasa, ba ka biya ba. Za a ba ka kati mai rubuta duk abin da ka kashe, in ka kashe da yawa a ba ka ɗaki kyauta. Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2024 gidajen caca na Jihar Nevada sun riƙe dala biliyan 15.6, bayan sun biya duk waɗanda suka ci. Wannan kuɗi daga hannun baƙi ya fito, da irinsa ne kuma aka gina dalar gilashi da tafkin da ke rawa.

Aure kafin sha biyun dare

Wani abin da ke kai mutane Las Vegas shi ne aure. Ofishin ba da takardar aure yana buɗe kowace rana har ƙarfe goma sha biyu na dare, ba jira, ba gwajin jini. Mutum biyu na iya karɓar takarda, su tsallaka titi zuwa ɗan ɗakin ɗaurin aure, a gama kome kafin shayi ya huce. Akwai ma inda ake ɗaurawa ango da amarya na zaune cikin mota. A 2022 gundumar ta ba da takarda ta miliyan 5. Aure ne halattacce a gaban doka, wasu kuwa sun zaɓe shi don gudun tsadar biki, ba za mu zarge su ba. Sai dai mu da muka saba da koyarwar masu shirin aure, da sanarwa a gaban ikkilisiya, da zaman iyaye, mun san jinkirin nan yana da amfani, gama sau da yawa a cikinsa ne ake gano abin da zai hana kuka daga baya.

Bayan fitilu

Hasken titin bai kai ko'ina ba. Har zuwa 1960 mawaƙa baƙar fata irin su Nat King Cole sukan cika zaure da 'yan kallo, amma galibi ba a barinsu su kwana a otal ɗin da suka yi wasa, sai su koma unguwar baƙaƙe a yammacin gari. Otal na fari da ya karɓi kowa da kowa, Moulin Rouge, ya buɗe a 1955, bai cika shekara ba ya rufe. Sai a watan Maris na 1960, da baƙar fata suka yi shirin zanga-zanga, masu otal suka yarda a kawar da wariyar.

Masu gyaran gado da masu dafa abinci da masu wanke kwanuka su ne ƙashin bayan garin. Ƙungiyar ƙwadagonsu tana da mutum wajen 60,000, da yawansu mata ne da baƙin haure. Sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe gidajen caca daga Maris zuwa Yuni na 2020, rashin aiki a yankin ya kai wajen kashi 30 cikin ɗari. A ƙarƙashin garin kuma akwai manyan magudanan ambaliya inda ɗaruruwan marasa gida suke kwana, wasu saboda ƙwaya, wasu saboda rashin aiki da tsadar haya, wasu saboda caca.

Ruwa ma abin damuwa ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan garin daga Tafkin Mead yake zuwa, bayan madatsar Hoover. A 2022 tafkin ya janye fiye da yadda ya taɓa yi tun da aka cika shi. A nan dole mu yaba musu, domin suna tace kusan duk ruwan da aka yi amfani da shi cikin gida su mayar tafkin, a 2021 kuma suka yi doka a tumɓuke ciyawar ado marar amfani.

Majami'a a bakin titin

Ga waɗanda suka ce Saduma ce, muna so mu tuna musu cewa akwai masu bi a garin, da majami'u masu yawa. Dab da titin Strip akwai babbar majami'ar Katolika ta Mala'ika Mai Tsaro, wadda aka buɗe a 1963. Asalinta kuwa wani firist ne da ya riƙa yi wa ma'aikatan otal sujada da ƙarfe huɗu da rabi na asuba, bayan sun tashi daga aikin dare. Wani mai gidan caca, Moe Dalitz, shi ya ba da filin. Wani magini baƙar fata, Paul Revere Williams, shi ya zana ginin. A majami'un da ke kusa da titin, akan tarar da faya-fayan caca cikin kwanon baiko. Mai bishara Billy Graham ma ya yi babban taron wa'azi a garin a 1978. Duk inda mutane suke, da gajiyarsu da bashinsu, can aikin ikkilisiya yake.

To, mu fa?

Wanda 'ya'yansa suka gayyace shi Las Vegas, ba mu ce ya ƙi ba. Tafiya mabuɗin ilimi. Ya je ya ga madatsar Hoover mai tsayin mita 221, wadda take wajen kilomita 50 daga garin. Ya ga jajayen duwatsun Red Rock, da kwazazzabon Grand Canyon in hali ya yi. Ya kalli ruwan Bellagio. Amma ya tambayi irin wasan kafin a saya masa tikiti. Ya sani kuma manyan otal sukan ƙara dala 40 zuwa 50 ko fiye a kowane dare da sunan kuɗin more kayan otal. Doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin caca ko tsayawa a filinta. Babba kuwa ba mai hana shi sai zuciyarsa.

Yawancinmu ba za mu taɓa taka Nevada ba, amma lissafin nan na 38 ya riga ya iso mu. Yana cikin shagunan cacar ƙwallo a unguwanninmu, yana cikin wayar da ke aljihun ɗalibi da ɗan acaɓa, har da ɗan ƙungiyar mawaƙa. Mutum ɗaya da ya ci, gari duka zai ji labarinsa. Sauran 37 kuwa shiru suke komawa gida, wani da kuɗin makaranta, wani da kuɗin taki, wani da kuɗin adashin matarsa.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun lissafa jarabar caca cikin cututtuka tun 1980, a 2013 kuma suka sa ta aji ɗaya da jarabar barasa da ƙwaya. Tun 1957 aka kafa ƙungiyar Gamblers Anonymous a Los Angeles, inda waɗanda caca ta kama suke taruwa suna faɗa wa juna gaskiya, suna riƙe juna. Wannan ya kamata ya koya mana wani abu. Wanda ya faɗa ramin nan, tsawa daga bagade kaɗai ba za ta fid da shi ba, sai dai ta ƙara masa ɓoyewa. Yana bukatar dattijon da zai zauna da shi, a lissafa bashin a takarda, a sanar da matarsa ko iyayensa, a sami amintacce ya riƙe masa kuɗi na ɗan lokaci. Shugabannin matasa da na zumuntar mata, muna roƙonku ku ɗauki lissafin da muka yi a sama ku rubuta shi a allo ranar taronku, sa'an nan ku karanta sura ta 6 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti tare da su. Yaron da ya ga inda dala 2 take tafiya da idonsa, da wuya a ruɗe shi da labarin wanda ya ci.

Ubangiji ya ba mu wadar zuci, ya sa albarka cikin aikin hannuwanmu. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.